Yini Guda a Kan Dutsen Gedambaliya



Duk wanda ya taso a ƙasar Maraɗi ko Damagaram, idan aka ce masa gona, abin da zai faɗo masa a rai shi ne jigawa mai rairayi, da gawo nan da can, da kunyoyin hatsi da wake. Mu kuwa Hausawan jahar Gadarif da ke gabashin Sudan, ƙasar da muka buɗe ido a kanta dabam take. Baƙar laka ce shimfiɗe kamar tabarma iyakar ganin ido. Da rani takan tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina kuma ta zama taɓo mai riƙe babbar mota kwana da kwanaki. A cikin wannan shimfiɗa, yamma da birnin Gadarif, akwai yankin da ake kira Gedambaliya, inda waɗansu duwatsu suka ɗago kai sama da gonaki. Ba su kai tsaunukan Taka na Kasala tsawo ko suna ba, amma a ƙasar da ba ta da tudu, ƙaramin dutse ma sarki ne. Ɗaya daga cikinsu muka hau a ƙarshen daminar 2025, mu 23, maza da mata, tsofaffi da yara, kuma labarin wannan yini muke so mu ba ku.

Kafin labarin hawan, ya kamata ku san abin da ya sa muka yi shi. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. A watan Disamba na wannan shekara ya iso Wad Madani, sai jama'a suka kwararo gabas, waɗansu a bayan manyan motoci, waɗansu a ƙafa. Babu gidan da bai karɓi baƙi ba a unguwarmu. Ɗakin mutum huɗu ya zama na goma sha biyu, makarantu suka zama masauki. Bayan da sojoji suka sake karɓar Madani a watan Janairu na 2025, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan, amma waɗansu daga cikin danginmu sun dakata har ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Ƴaƴansu sun yi kusan shekara biyu tare da mu, kuma abin da suka sani na ƙasar Gadarif bai wuce tsakar gida, da layin ɗiban ruwa, da hirar manya a kan wanda ya rasu da wanda ba a ji ɗuriyarsa ba. Muka ga bai dace su koma da wannan kaɗai a ransu ba.

Shawarar ba ta karɓu nan take ba. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Yaran da suka yi kwana uku suna tafiya a ƙafa da tsoro, su za ku ce wa su zo su yi tafiya don nishaɗi?" Maganarsa tana da nauyi, domin akwai yaro guda, ɗan shekara tara, wanda tun zuwansu ba ya yarda ya wuce bakin ƙofa sai an riƙe hannunsa. Wata tsohuwa ce ta warware maganar. Ta ce tafiyar da aka kore ka dabam, tafiyar da ka ɗaura wa kanka takalmi dabam, kuma yaron da bai ɗanɗana ta biyun ba zai girma yana zaton duk hanya abokiyar gaba ce. Ta ƙara da cewa ita ma za ta je, ko da a gindin dutsen za ta tsaya. Daga nan babu wanda ya sake musu.

Muka yi shiri irin na masu hankali. Tun kwana biyu kafin ranar, mutum biyu suka je suka gai da shehin ƙauyen da ke kusa da dutsen, suka faɗa masa ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu, domin a zamanin da ake ciki taron baƙi a kan tudu abin tambaya ne. Shi kuwa ya haɗa mu da wani makiyayi da ya san kowace hanya. Muka tsara cewa jagora yana gaba, ƙaƙƙarfan saurayi yana can baya, ba wanda zai wuce na gaba, ba kuma wanda za a bari a bayan na baya. Kowane babba ya ɗauki ruwansa da na yaro guda. Aka hana silifa, aka ce sai takalmi mai rufi saboda ƙaya da kunama. Guzuri kuwa bai wuce kisra, wato wainar dawa mai faɗi da ake ci a Sudan, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da shayi a cikin fulas ba.

Bayan sallar asuba muka shiga mota, rana tana ɗagowa muka sauka inda hanya ta ƙare. Daga nan sai ƙafa, a jere, ta kan iyakar gonaki don kada a taka amfanin mutane. Lokacin yankan riɗi ne. Masu aiki sun riga mu fitowa, suna yanka da lauje, suna ɗaurewa dami-dami, suna jingine su tsaye su bushe. Riɗi ba ya jiran kowa: idan ya nuna aka yi jinkirin ƴan kwanaki, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube, wahalar shekara ta tafi a banza. Dawa kuwa tana tsaye da kanta kore, sai wajen Disamba za a shiga girbinta. Yaran Madani, waɗanda suka saba da gonakin ban-ruwa na Jazira masu magudanai, suka yi ta mamakin gonar da ba a ganin ƙarshenta kuma ba ta shan komai sai ruwan sama.

Wannan ƙasa da muke takawa tana da tarihi. A nan Gedambaliya ne Turawan Ingila suka soma noman ruwan sama da tarakta a Sudan, wajen shekarar 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, domin samar wa sojojinsu na gabashin Afirka abinci. Da farko gwamnati ce ke yin huɗa da injin, manoma su yi shuka-kula da girbi a raba amfani. Daga 1954 aka fara ba ƴan kasuwa manyan filaye, kowane fili fadan 1,000, wato sama da hekta 400. A 1968 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da noman injin, aikin ya bazu kudu da yamma, har Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar Sudan. Albarkar abin a fili take, mu ma da ita muka girma. Sai dai tarakta ba ta son itace a gabanta. Kafin ta shiga fili sai an tumɓuke komai, kuma haka dazuzzukan da kakanninmu suka tarar suka yi ta ja da baya har suka maƙale a gindin duwatsu da bakin ƙoramu, inda garmar injin ba ta iya kaiwa.

Cikin irin wannan ragowar daji muka shiga da hantsi. Inuwa ta sauko mana, iska ta canja, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya tashi. A nan tafiyar ta zama makaranta. Dattijon nan da ya yi musu tun farko shi ne ya zama malami. Ya dafa wani itace mai jan jiki ya tambayi yaran sunansa, suka ce "talha", domin da Larabci suka san shi. Ya ce da Hausa dushe ke nan, shi ne wanda mata ke turara jiki da hayaƙinsa. Ya nuna musu hashab, ya ce ɗakwara, uwar ƙaro, wanda ake tsaga bawonta bayan damina a dawo a tsinci ƙaron da Sudan ta yi suna da shi a kasuwannin duniya. Hijlij ya zama aduwa, sidir ya zama kurna. Wata yarinya ta ce, "Kaka, ashe itatuwan ma suna jin Hausa?" Ya ce, "Jikata, sun ji ta tun kafin a haifi ubanki." Aka yi dariya, amma mun lura yaran suna ta maimaita sunayen a hankali, kamar mai tilawa.

Ba abin daɗi kaɗai muka gani a dajin ba. Kututture ya fi itace mai rai yawa a waɗansu wurare, ga baƙaƙen da'irori a ƙasa inda aka toya gawayi. Ba mu zargi kowa ba, domin mun san a gidajenmu aka ƙone wani sashe na wannan gawayi. Tun da yaƙi ya sa iskar girki ta yi wuya, jama'ar gari kuma ta ninka, tukunya ba ta da abin dogaro sai daji. Dokar ƙasa ta daɗe da cewa mai babbar gonar ruwan sama ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa, amma wanda ya ratsa gonakin nan da ƙafa zai ƙirga masu bin wannan doka da yatsun hannu. Makiyayin da ke mana jagora ya nuna mana wani burtali da gonaki suka matse daga hagu da dama, ya ce a dā garke biyu kan gifta juna a cikinsa, yanzu kuwa saniya ɗaya sai ta bi a hankali. Daga irin wannan matsi ne rigimar manomi da makiyayi ke tasowa, a nan kamar yadda take tasowa a ƙasar Hausa.

Da muka fita daga inuwa sai dutsen ya tsaya a gabanmu. Tsohuwar nan ta cika alkawarinta: ta shimfiɗa ɗankwali a ƙarƙashin wata aduwa, mata biyu da ƙananan yara suka zauna tare da ita, sauranmu muka kama hawa. Farkon hanyar tsakuwa ce mai zamewa, sa'an nan manyan duwatsu da suka hau kan juna, da tsagogi da kogunan da rema ke leƙowa daga ciki su koma. A tsakanin duwatsun kukuki ya kafa saiwa, da farin jikinsa mai saɓulewa, a wurin da ba ka ganin ƙasar da za ta cika tafin hannu. Jagora ya hana kowa sa hannu cikin rami ko ɗaga dutse. Inda hawan ya yi tsaye, samari suka jeru, wannan ya miƙa yaro ga wancan. A nan muka ga ma'anar cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, domin malamin makaranta da ɗan kasuwa da mai turin baro duk sun zama abu guda: kowa yana buƙatar hannun na sama da kafaɗar na ƙasa.

A wani fā mai santsi yaron nan ɗan shekara tara ya tsaya cik. Ya zauna, ya rufe fuska, ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba. Ba wanda ya yi masa tsawa. Kawunsa ya zauna kusa da shi, sauran jama'a ma muka zauna, aka buɗe fulas aka zuba shayi kamar dama nan aka shirya hutawa. Can sai yaron ya ce, "Kawu, idan muka kai sama, za mu dawo gida yau?" Kawun ya ce, "In Allah ya yarda, kafin magariba kana tsakar gida, innarka ma ta ɗora tuwon dare da kai a lissafi." Yaron ya yi shiru, ya shanye shayinsa, ya miƙe. Bai saki hannun kawunsa ba sai da aka kusa ƙololuwa, amma taku goman ƙarshe shi kaɗai ya yi su. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ido ya gani daga sama ya fi ƙarfin bayani, amma za mu kwatanta. Gonaki sun shimfiɗu murabba'i-murabba'i har inda sama ta haɗu da ƙasa, koren dawa a nan, ruwan ƙasa na riɗin da aka yanke a can. Dajin da muka ratsa, wanda muka ɗauka babba ne, ya koma kamar ɗan zobe a wuyan dutsen. A ƙasa sosai kuma ruwa yana walƙiya kamar madubi. Yaran suka yi ihu, "Tabki! Tabki!" Ba tabki ba ne irin na Madarunfa mai masunta da jiragen ruwa. Hafir ne, wato babban kududdufin da aka haƙa aka tara ƙasarsa a gefe, aka jawo masa ruwan da ke gangarowa daga dutse. A ƙasar laka rijiya ba ta cika ba da ruwa ba, saboda haka hafir shi ne ran ƙauye. Daga shi mutum zai sha, daga shi dabba za ta sha, kuma idan ya ƙafe a tsakiyar rani sai a koma sayen ruwan tanka da tsada. Daga inda muke tsaye mun ga hanyar ruwan ƙarara: daga dutse zuwa daji, daga daji zuwa hafir. Inda itatuwa suke, ruwa yakan sauko a hankali. Inda aka sare su, zaizaya ta buɗe baki, ƙasa tana bin ruwa tana cike hafir ɗin. Ba mu buƙaci wani masani ya yi mana bayani ba, gani ya kori ji.

Manyan tabkunan wannan yanki suna can gabas, ba a hango su daga nan, kuma duka hannun mutum ne ya yi su. Madatsar Hashmal Girba da ke kan kogin Atbara an gama ta a 1964 domin mutanen Wadi Halfa da ruwan madatsar Aswan ta Masar ya tasa, laka kuma ta cinye babban rabo na cikinta tun daga lokacin. Tagwayen madatsun Atbara ta sama da Sitit an buɗe su a 2017, ruwansu ya rufe ƙauyuka da dama, har da na Hausawa masu noman bakin kogi. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu a irin wannan ƙauye aka haife shi. Ya daɗe yana kallon hafir ɗin, sa'an nan ya ce gidan ubansa da bishiyoyin lemun da ya dasa suna ƙarƙashin ruwa, ba shi da wurin da zai kai ƴaƴansa ya ce musu nan ne. Ya ce shi ya sa ya zo, domin dutse ba ya nutsewa.

Bayan mun yi azahar a kan wani shimfiɗaɗɗen fā, dattijonmu ya juya ya fuskanci yamma, ya kira yaran. Ya ce musu ta can kakanninmu suka ɓullo. Waɗansu sun biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Waɗansu kuwa maniyyata ne da suka bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, da Kurdufan, suna tafiya suna tsayawa, su yi noma shekara ɗaya ko biyu su sami guzuri su ƙara gaba, burinsu Sawakin da ƙetare Bahar Maliya. Da yawa sun yi aiki a madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da gonakin audugar Jazira. Da jirgin ƙasa ya haɗa Kasala da Gadarif da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920, sai ƙasar nan ta buɗe, suka zauna, suka haifi iyayenmu. Ya ce, "Ku jikokin matafiya ne. Ƙafar da ta kawo ku daga Madani ba baƙuwar hanya ba ce, kada ku ji kunyarta, kada kuma ku ji tsoronta." An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A ranar, babba da yaro sun tsaya a dutse guda, babban ya nuna, yaron ya duba.

Ba mu jira la'asar ta yi sanyi ba muka kama saukowa, kuma da dalili. Ƙasar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yawa a duniya. Wani ɗan ƙwaro ne ke ɗauke da ita, wanda bai kai sauro girma ba, yana ɓuya a tsagogin baƙar laka da dazuzzukan dushe da aduwa, yana fitowa cizo daga faɗuwar rana. Ya fi yawa da bazara, amma mai hankali ba ya yin magariba a irin wannan daji ko da wane lokaci ne. Alamarta zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama, da kumburin saifa. Tana da magani a asibiti, idan kuwa aka bar ta takan yi kisa, kuma yara ta fi kamawa. Saukowa ta fi hawa wuya ga gwiwa, aka bi ta a hankali, aka tarar da tsohuwa ta sa ƙananan yara sun tsinto mata ƙwallayen aduwar bara cike da ɗankwali. Muka biya muka yi wa shehin ƙauye godiya, muka ƙirga kanmu sau biyu kafin mota ta tashi.

Makonni kaɗan bayan haka baƙinmu suka koma Madani. Abin da ya rage mana shi ne tambayar da dutsen ya bar mu da ita game da dajin. A nan ne muke duban ku, ƴan'uwanmu na Nijar. Mun sami labarin yadda manoman Maraɗi, tun daga shekarun 1980, suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, har gonakin da suka zama fili suka sake yin inuwa a faɗin miliyoyin hekta. Dushe da aduwa da kurna duk masu toho ne idan an bar su. Ba mu da iko a kan manyan gonakin injin, amma muna da iko a kan ƴan gonakinmu na gefen ƙauye. Magidanta bakwai daga cikinmu sun yi alkawarin barin toho a iyakokin gonakinsu, tsohuwa kuma ta rarraba ƙwallayen aduwarta ga yara, kowa ya shuka a bayan gida idan ruwa ya sauka.

Shawararmu ga kowane gida ita ce: ku dubi tudun da ke kusa da ku, ko dutsen Dogon Dutsi ne, ko duwatsun Damagaram, ko gaɓar Madarunfa, ku zaɓi rana guda bayan girbi. Ku nemi izinin masu wurin, ku tabbatar hanyar tana da aminci, ku ɗauki wanda ya san ta. Ku tafi da tsoho guda aƙalla, domin shi ne zai faɗi sunayen itatuwa da labarin waɗanda suka riga ku takawa. Ku yi tafiyar da saurin mafi rauni a cikinku, ku dawo da rana a sama. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansa, ya sa mu ga damina mai albarka.